Ranar da Na Kife Ƙwarya a Kaina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wanka da ruwan raƙuma a gaban kumandan, sojan da ke mulkin yankinmu, da rana tsaka, a shekarar da ko jinjiri ba a yi wa wanka kullum. Yau gashin kaina ya yi fari, rabinsa ma ya kama gabansa, amma duk sa'ad da na tuna sai in ji abin nan mai yauƙi yana bin ƙeyata yana gangarawa cikin riga.

A zamanin soja ne, bayan damina ta ƙi mu, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Ni kuwa a lokacin na fito daga makarantar aikin gona da takardata sabuwa fil, aka turo ni Tasawa aiki da wani furoje, wato shiri, na dashen itatuwa. Ina da farar riga guda mai dogon hannu, da karabat da nake shaƙe wuyana da ita ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa, da tabarau wanda ba likita ne ya rubuta mini ba (idona lafiyarsa lau, na dai lura duk manyan buro, wato ofis, suna sakawa). Kaina kuwa ya fi tulu girma. A ganina fari bai yi mana wannan ɓarna ba sai don ban gama lakwal, wato makaranta, da wuri ba.

Wata safiya shugaban furojen ya kira ni ofishinsa, ya ɗora wani ƙaramin buhu a kan tebur. A ciki farin gari ne mai ɗan tsaki-tsaki, kamar garin rogo. Ya ce daga ƙasar waje aka aiko shi don gwaji. Ya ɗebi kaɗan a cokali ya zuba cikin kofin ruwan famfo, ya juya, muka tsaya muna kallo. Kafin in gama gyara tabarau ruwan ya daskare, ya zama wani abu mai sheƙi yana rawa kamar kitse. Ya kife kofin, ko ɗigo bai faɗo ba.

Ya yi mini bayani. Asalin garin sitacin masara ne, masana haɗa sinadarai suka liƙa masa rassan wani sinadari daban, kamar dai yadda muke yi wa mangwaro aure, a ɗauko reshen wani a ɗaura a jikin wani. Waɗannan rassan ne ke kama ruwa su riƙe. In aka jiƙa garin aka zuba a ramin dashe, sai ya riƙa sakar wa saiwa ruwa kaɗan-kaɗan, maimakon rairayi ya shanye shi nan take. Ya kuma nuna mini wata doguwar lamba a gaban buhun. Ya ce lambar birebe ce, wato shaidar da hukumar ƙasarsu ta ba waɗanda suka ƙirƙiro shi, ba mai ikon kwaikwaya sai da izininsu.

To, kun san abin da na yi? Na haddace lambar nan tsaf. Har a hanya ina maimaita ta kamar karatun allo. A bayan buhun akwai wani rubutu ƙanana-ƙanana da ya cika shi daga sama har ƙasa, na ce wannan na masu shakka ne, ni na riga na gani da idona.

Aikin da aka ba ni shi ne in kai dashe cikin mota zuwa wani ƙauye arewa da Issawane. (Ba zan faɗi sunansa ba. Mutanen garin ba sa mantuwa, kuma har yanzu ina bi ta can.) Matsalar ita ce, bara an sa su dashe da umarni, sun yi ta ɗibar ruwan rijiya suna zuba wa itatuwa, ƙarshe ko ɗaya bai rayu ba. Bana sun ce ko za a ɗaure su ba za su sake ba. Rijiyar garin guda ce, mai zurfin gaske, raƙumi ke jan igiyar guga ya yi tafiya mai nisa kafin ruwa ya fito, kuma kullum ƙasa take yi. Shugabana ya ce, "In ka shawo kansu, madalla. In sun ƙi, bayan kwana uku mota za ta koma ta kwashe dashen, ƙauyen kuma a cire shi daga lissafinmu." Ya ƙara da cewa kumandan na rangadi a yankin, zai tsaya ya ga gwajin.

Kwana biyu na yi ina gwaji a ɗakina da ruwan famfon Tasawa. Daga kofi na koma kwano. A nan ne Shaiɗan ya raɗa mini cewa kife kwano a kan tebur ai ba abin burgewa ba ne, a kai ya kamata a kife shi. Na gwada a gaban madubi ya fi sau goma, har na koyi irin murmushin da zan yi bayan na sauke hannu.

Muka isa ƙauyen da hantsi. An share fili kusa da rijiya, an shimfiɗa tabarmi, an kawo kujera guda ta kumandan. Mai gari na zaune da dattawa, mata sun tsaya can gefe da tulunansu, ga makiyaya da raƙumansu suna jiran layin shayarwa. Duk wanda ka duba ya rame, wuya ya yi tsawo. Kumandan ya zo da kakinsa, dogo ne marar yawan magana, ya zauna ya harɗe ƙafa. A wancan zamani in kumandan na zaune ko tari mutum sai ya nemi wuri.

Na miƙe na buɗe baki. Jama'a, na yi zuba! Na fara da Faransanci don kumandan ya san da wa yake, sannan na sauko Hausa kamar mai yi musu alfarma. Na yi bayanin auren sitaci. Na karanto lambar birebe da ka, sau biyu, ga mutanen da abin da ya dame su shi ne ko rijiya za ta kai su damina. Mai gari ya saurara har na gaji, sannan ya kira ni da sunan da ake kiran ɗan boko da Faransanci, ya ce, "Mushe, mun ji. Amma mu dai bara mun ba itace ruwan da ɗiyanmu za su sha, kuma itacen ya mutu. Mi ya bambanta bana da bara?"

"Ranka shi daɗe, yanzu za ka gani," in ji ni. "A kawo mini ruwa cikin ƙwarya babba."

Kowa ya dubi wata dattijuwa da ake kira Inna Hajo, wadda ita ke tsara layin mata a bakin rijiya, ba a ɗibar ko moɗa guda ba da saninta ba. Ta dube ni tun daga takalmi har karabat, ta ce, "Ruwan sha dai ba ni bada shi a yi wasa. In na kwami kake so, ga shi can."

Kwamin shi ne dogon kututturen da aka fafe ake shayar da dabbobi a ciki. Na ce ba komai, a ɗebo. Ta je da kanta ta ciko ƙwarya ta kawo, tana tafe a hankali kada ya zube. Na ga ruwan ya ɗan yi ja-ja, na ce a raina ai ruwan ƙauye ke nan.

Sai wani tsohon makiyayi mai rawani baƙi, wanda daga baya na san sunansa Agali, ya matso ya ɗaga hannu. "Mushe, ruwan ga hwa na raƙumana ne, na sa mishi..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ɗaga masa hannu kamar mai tsayar da mota, na ce, "Baba, ruwa ai ruwa ne. Wannan ilimi ne, ka zauna ka sha kallo." (Ko yanzu da nake rubuta wannan sai da na rufe ido. Mutumin ya girmi ubana.) Tsohon ya dube ni, ya gyara rawaninsa, ya koma ya tsuguna.

Na auna garin daidai yadda na saba, na zuba, na juya da tsinke. Na duba agogo don a ga ina da shi. Saman ruwan ya yi kauri, ƙulalai suka taso suka haɗu suka rufe fuskar ƙwaryar. Gaskiya na lura bai yi sheƙin da na saba gani ba, kuma da na ɗan girgiza na ji kamar wani abu na motsi a ƙasa. Mai hankali da ya sa yatsa ya taɓa. Amma ido ya fi ɗari a kaina, kumandan ya fara kaɗa ƙafa, ni kuma na riga na shirya murmushina.

Na ɗaga ƙwaryar da hannu biyu, na ce da ƙarfi, "Jama'a, ku shaida! Daga yau ruwa ba ya gudu sai mun ba shi izini!"

Na kife ta a kaina.

Wallahi ban san ƙwarya na cin ruwa haka ba. Ya kwararo mini gaba ɗaya, da sanyinsa da warin raƙumi, ƙulalan nan masu yauƙi suka manne a gashi, suka cika tabarau, wasu suka bi ta wuyan riga suka sauka har cibiya. Wani ya shiga bakina, na ji ɗanɗanon da ko cikin barci na san shi: kanwa. Farar rigata ta koma kalar ƙasa ta lafe a jikina, duk haƙarƙarina a waje. Ni kuwa na ƙame da ƙwarya a kai kamar hula, na rasa ko in sauke ko in bar ta ta rufe mini fuska.

Ba wanda ya yi dariya. Wannan ya fi komai ciwo. Ina jin yadda mutane ke haɗiye ta, wani na tarin ƙarya, wata ta cusa gefen zane a baki, duk ana jiran a ga abin da kumandan zai yi. Shi kuwa ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce cikin natsuwa, "Bon. Mushe, ruwan ya nemi izinin, ko kuwa?"

Sai ya fashe. Da ya fashe, garin duka ya fashe. Dattawa suka riƙe ciki, mata suka zauna a ƙasa, direbanmu ya kwanta a kan mota yana dukan ƙarfe. Har wani raƙumi ya yi irin kukansu, na rantse da ni yake. Wata murya daga baya ta ce, "Kunun kanwa ya dama ma kainai!" Shi ke nan, suna ya kama ni: Mushe Kunu.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Inna Hajo ta zo ta cire ƙwaryarta daga kaina, ta duba ko ta tsage, sannan ta dubi inda rairayi ya riga ya shanye ruwan, ta ce a hankali, yadda ni kaɗai na ji, "Ɗana, raƙumi ya tahi ya dawo kahin wanga ruwa shi hito." Dariyar mutane ta ba ni kunya, amma maganar nan ita ta sa na ji ƙwalla. Sai a lokacin na ga abin da na zubar.

Kumandan ya tashi yana share ido, ya ce wa mai gari shawara ta rage gare su, ya shiga mota. Mai gari ya ce za su yi tunani, kowa kuwa ya san ma'anar wannan. Direbanmu ya sauke dashen a inuwar wata bukka ya ce sai bayan kwana uku. Aka bar ni da buhun gari, da rigar da ta bushe ta yi ƙarau kamar fata, da ƙananan itatuwa cikin leda sun jeru suna kallona. Na zauna a zauren baƙi ina tsara takardar barin aiki a kaina. Har na yanke shawarar in koma garinmu in ce ciwon ido ya hana ni aikin.

Washegari da sassafe na ji sallama. Tsoho Agali ne, riƙe da ƙananan ƙore biyu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya zauna, ya gaishe ni da kyau kamar ba abin da ya faru, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Tasawa, sannan ya ce, "Mushe, ba ni garin nan naka kaɗan."

Na ce, "Baba, ka bar shi kawai. Ƙarya suka aiko muna."

"Ban sani ba tukuna," in ji shi. "Wanga ruwa daga guga na ɗebo shi, bai taɓa kwami ba. Rabon shayina ne na yau. Wanga kuwa na kwami ne, wanda na jiƙa ma raƙuma kanwa. Jiya abin da ni so in gaya maka ke nan."

Na zuba garin a duka biyun. Muka zauna muna kallo, ni da tabarau, shi da idon da Allah ya ba shi. Na kwamin ya yi ƙulalai irin na jiya, ruwa na yawo a ƙasa. Na gugan kuwa ya kama, ya daskare, ya yi sheƙi. Tsohon ya taɓa da yatsa, ya karkata ƙoƙon a hankali (a kan ɗayan ƙoƙon fa, ba a kansa ba), bai zuba ba.

Bai tsaya nan ba. Ya kwance bakin rawaninsa ya fito da ɗan guntun kanwa, ya murje ya barbaɗa a kan wanda ya daskare. Muna kallo abin ya fara zufa, ya saki, ya koma ruwa.

"To ka gani," ya ce. "Kanwa tana sa wake shi yi laushi, tana sa kuɓewa ta yi yauƙi, tana sa raƙumi shi sha ruwa da yawa. Abin da ke taɓa wake da kuɓewa da raƙumi, mi zai hana shi taɓa garin masara, ko da an yi mishi aure?"

Na jawo buhun na juya bayansa, karo na farko. Ga shi nan a rubuce cikin ƙananan baƙaƙen da na raina: gishiri da danginsa suna rage wa garin ƙarfin riƙe ruwa ƙwarai, a gwada ruwan wuri kafin a yi aiki da shi. Na karanta masa, na fassara. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe su ma sun sani. Kai kaɗai ne ba a gaya ma ba." Bai yi dariya ba, amma na ga rawanin na motsi.

Shi ya je ya sami Inna Hajo, ni ban da fuskar zuwa. Ban san abin da ya gaya mata ba. Da la'asar dai sai ga ta da ƙwaryar nan tata, da ruwan guga rabi, mai gari da dattawa na biye. Ba kujera, ba kumandan, ba Faransanci. Karabat ma na cusa ta a aljihu. Na ba su haƙuri a kan ruwan jiya, na ba Baba Agali haƙuri a gaban kowa, na ce ban yi alkawarin kowane itace zai rayu ba, abin da na sani kawai shi ne zai rage yawan ban ruwa. Inna Hajo ta ce, "Ni za ni riƙe ƙwaryar. Kai zuba garin ka ja da baya. Kuma a bakin rame za a kihe ta, in ta zube itace shi sha."

Ta kife. Bai zube ba. Ta girgiza, ya faɗo cikin ramin gaba ɗaya yana rawa. Ta tsuguna ta daɗe tana taɓa shi, sannan ta ce wa mai gari, "Ruwan wankin hatsi da na alwala, in kowane gida ya tara, ya isa. Ba mu taɓa na sha." Mai gari ya dube ni ya ce, "To, Mushe Kunu, ina za a gina ramun?" Na buɗe baki zan nuna fili kusa da rijiya, sai na tuna, na juya na ce, "Baba Agali, ina ka gani?" Ya ce a guji wajen kwami, shekara da shekaru ƙasar wurin na shan kanwa, a hau jigawar da ke yamma da gari. Ranar da mota ta dawo kwasar dashe, ledoji kawai ta tarar.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba duka suka rayu ba. Awaki sun ci nasu, zafi ya ci nasa. Garin ma ba a sake aiko shi ba, furojen ya ƙare, buhun nan shi ne na farko kuma na ƙarshe. Har yau ban iya rantsuwa ko garin ne ya riƙe waɗanda suka rayu har ruwa ya sauka, ko kuwa Inna Hajo ce da ke zagaya su kowace safiya tana yi wa matan da suka makara faɗa. Ni dai na fi zargin Inna Hajo.

Shekarun baya kaɗan na bi ta garin a motar haya. Su Baba Agali da Inna Hajo duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. A jigawar yamma kuwa ga dogon yaro da bagaruwa sun yi layi, sun yi inuwa, har 'yar kasuwa ke ci a ƙarƙashinsu. Na sauka na zauna wurin wata mai fura. Na tambaye ta, kamar baƙo, wa ya dasa waɗannan.

"Ai itatuwan Mushe Kunu ke nan," ta ce. "Wani malamin gona ne da ya zo zamanin hwari. An ce tulu guda ya ɗauka ya juye ma kainai gaban kumandan, har ya suma."

Na ce, "Ƙwarya ce dai. Kuma bai suma ba."

Ta dube ni. "Kai ka san shi, Alhaji?"

Na ce na taɓa jin labarinsa. Na shanye furata a inuwar, ina jin daɗin da ban taɓa ji ba a duk takardun yabon da aka ba ni a aiki.

Tun daga ranar ƙwaryar nan, duk buhun da aka miƙo mini bayansa nake fara karantawa. In tsoho ya ɗaga hannu ya ce "Mushe, ruwan ga hwa...", sai in rufe bakina har ya kai aya. In kuma dole sai an kife wani abu a gaban jama'a, ina neman rami, kaina ya riga ya yi nasa aikin.